Unguwar Shuɗayen Fitilu

Shafi na 17

Masu yi min tsiya a ƙasan shafin da ya wuce, wai na bar ku a rataye kamar wanki, na gani, na kuma yafe. Ruwa ne ya ɗauke mana wuta a unguwarmu ta Mattancherry, nan cikin garin Kochi. Wadda ta ce in ban turo ba za ta biyo ni har gida, ki taho da lema.

Mun tsaya inda Rinsha ta gama haɗa ɗakin fitilunta a tsohon siton masoro na bakin ruwa. Jibi za a buɗe wa jama'a. Gobe da safe kuma za a cire wa Ummansu yanar ido, don ta samu ganin aikin autarta da idonta.

*

"Ina zan taka? Yarinya, kin mayar min da sito kabari."

Baba Varkey ne, mai siton, tsohon ɗan kasuwar masoro da ya ba ta aron wurin, ya ce gara fitilu da ɓeraye. Ya tsaya a bakin labule, lemarsa tana ɗiga.

Rinsha ta kama gefen rigarsa ta ja shi ciki.

"Matso gaba kaɗan, Baba. Ga tasa nan a gabanka, da kyamara a cikinta. Miƙa hannuwanka a samanta."

"In wani abu ya cije ni fa?"

"Sai in ce ɓerayenka ne."

Ya yi dariya, ya miƙa.

Da farko babu komai sai duhu, da ƙamshin masoron da ya shige cikin katako tun zamanin kakansa, da ruwa yana kaɗa rufi. Sai wata fitila ta buɗe ido daidai goshinsa. Sai ta kusa da ita. Daga nan haske ya fara tafiya, yana tsallakawa daga zare zuwa zare, ƙananan fitilu kamar ƙwayar shinkafa, dubbai, rataye a zaren masunta daga rufi har gwiwar mutum, suna shigewa har ƙuryar da ido ba ya kaiwa.

"Ya Yesu," in ji Baba Varkey a hankali. "Kamar Kochi, in kana dawowa daga teku bayan faɗuwar rana."

"Cikin kan na'urar kake gani," Rinsha ta ce. "Ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ta surutu a kanta, kowa amsarta kawai yake ji. Ni cikinta nake so a gani. Na daɗe ina nuna mata hannuwan mutanen garin nan. Kowace fitila ɗan lungu ne a ƙwaƙwalwarta. In ta ga hannunka, duk lungun da ya motsa, fitilarsa sai ta kama."

"To me take cewa a kaina?"

"Na kusa da kai layi kawai suke gani, da inuwa. Na bayansu sun gane yatsa ne. Na can ciki kuwa, su ne 'yan gulma. Yi wani abu da ka saba."

Tsohon ya murza babban yatsa da manuni, kamar mai duba ko masoro ya bushe. Can hagu wani gungu ya kama, rawaya, kamar an watsa garwashi.

"Unguwar 'yan kasuwa ke nan."

"Munafuka. Har ta san sana'ata."

Ya haɗa tafukansa a ƙirji, kamar yadda yake yi a coci. Rawayan ya mutu. Sama kusa da rufi koraye suka sauko a hankali, kamar ganye yana faɗowa a cikin ruwa.

"Unguwar masu addu'a. Umma ma in ta ɗaga tafukanta, nan ne ke kamawa. Ba ni na koya mata ba. Ita da kanta ta haɗa ku wuri ɗaya."

"To kada Fada ya ji, kada Liman ya ji."

Suka yi dariya. Wani jirgin ruwa ya yi kuka a nesa. Baba Varkey ya gaji da ɗaga hannu, ya sauke su ya ɗora a bakin tasar don su huta. Da ma kowa a unguwa ya san shi da ciwon karkarwa, har yara suna kwaikwayonsa in ya juya baya. Hannun dama ya fara rawarsa ta kullum.

Can ƙuryar dama, bayan ginshiƙin ƙarshe, shuɗayen fitilu suka farka.

Ba kamawa suka yi kamar sauran ba. Numfashi suke yi. Su kumbura, su lafa, su kumbura, har shuɗin ya hau bango ya wanke rufi.

"Wannan fa? Ta fi duka kyau. Unguwar su wa ce?"

Rinsha ta kafa wa ƙuryar ido.

Cikin duk hannuwan da ta taɓa nuna wa na'urar, na masunta, na masu saƙar igiyar kwakwa, na direbobi, na masu ɗaurin furanni, hannu ɗaya tak ke tayar da wannan ƙuryar. Hannun Dakta Sulfath, yayarta, likitar ido. Shi ma ba tun farko ba, sai daga bara. Ta yi wata da watanni tana neman dalili, ƙarshe ta yanke cewa ƙwarewa ce ta nuna har na'ura ta ware mata wuri. Ta sa mata suna Unguwar Gwanaye. Har ta sa an sassaƙa sunan yayarta a katako, za ta yaye mayafin da ya rufe shi jibi a gaban jama'a.

"Baba," ta ce. "Riƙe hannun da ɗayan."

Ya riƙe. Shuɗin ya dushe.

"Sake shi."

Ya sake. Shuɗin ya dawo.

"Au," tsohon ya ce. "Ashe abokin zamana ta gani. Gaishe shi, mun daɗe tare."

"Yaya ya fara maka?"

"A nan." Ya nuna babban yatsa. "Ɗan kaɗan, kamar mai jan carbi. Ko ni sai na zura ido nake gani. In ina aiki ya yi shiru, in na zauna ya tashi. Na daɗe ina ɓoye wa matata. Aljihu ne asibitina na farko."

Tunanin Rinsha ya koma kan yayarta. Yaushe rabon da ta ga hannun daman Sulfath a sake? In ba a aljihun farar riga ba, yana ƙarƙashin gyale. In ba haka ba yana riƙe da waya, ko makulli, ko wani abu dai.

"Yarinya, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"To ni zan je in ga ko mai shayi ya tsira daga ruwan nan."

*

Rinsha ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a tsaye cikin duhun ba. Sai ta ji an yaye labule, muryar Sulfath ta biyo baya.

"Ke 'yar wasan wuta, kina ina? Na baro asibiti saboda ke. Ga Umma can a baranda, ta samu Baba Varkey, suna shan shayi suna zagin ruwan sama."

"Ina nan, Itha." Haka take kiran yayarta tun tana koyon magana.

"Me ya samu muryarki? Kin ci abinci kuwa? Ga soyayyar ayaba na taho miki da ita, tun da zafinta."

"Ajiye. Zo ki sa hannu."

"Haba auta. Na gaji da ɗaure zare a gaban kyamararki kamar birin wasa."

"Na yau daban ne."

Sulfath ta yi tsaki na wasa, ta ajiye ƙunshin, ta miƙa hannuwanta a saman tasar. Ta fara abin da ta saba, ɗinkin da ba a gani, allurar da babu, zaren da ya fi gashi siranta. Yatsunta suna tafiya kamar kifi a ruwa mai tsabta.

Ɗakin ya amsa mata. Haske ya bi tsakiya kamar kogi, ya karkata, ya taru a wuri ɗaya, ruwan hoda, yana lilo.

"Kullum sai ta kai ni unguwar teloli," Sulfath ta ce tana murmushi. "Duk karatun nan da na yi."

"Yanzu ki bar shi ya huta."

"Me?"

"Hannun. Ɗora shi a bakin tasa, kada ki yi komai."

Murmushin ya tsaya a inda yake. Sulfath ta janye hannuwanta, na dama ya shige ƙarƙashin gyale. Duhu ya dawo.

"Ba ni da lokacin wasa. Gobe da sassafe zan shiga aikin Umma."

"Itha."

"Ki ci ayabarki kafin ta huce."

"Baba Varkey ya shigo ɗazu."

"Na gan shi."

"Ya kunna ƙuryar can."

"Wace ƙurya?"

"Taki."

Sulfath ta kawar da kai. Ruwa kawai ake ji a kan rufi.

"Ke da bakinki kika ce min abin nan bai san komai ba," in ji Sulfath. Muryar asibiti ta ɗauko, wadda take yi wa dangin marasa lafiya. "Kin ce ba ya tunani, kama kawai yake gani. Kin ce har hannun mai wanki ya taɓa ɗauka a matsayin mai kiɗan ganga."

"Na faɗa."

"To?"

"To ki ɗora hannun ki kunyata ta. Wallahi in ba ta kama ba, yau zan tsinke zaren ƙuryar nan gaba ɗaya, in roƙe ki gafara a gaban Umma."

"Ni za ki gwada? Ni da na yi miki wanka, na goya ki zuwa makaranta?"

"Ba gwada ki nake ba."

"Kin tara fitilun biki a siton ɓeraye, shi ke nan kin zama likita!"

Faɗa ya ɗauke mata hankali. Tana magana ta dafa bakin tasar, kamar yadda take dafa tebur in tana yi wa ɗalibanta faɗa. Ba ta lura ba.

Rinsha ce ta ga shuɗin ya fara hawa gefen fuskar yayarta.

Ba mai ƙarfi ba ne kamar na tsohon. Siriri ne, kamar hasken da ke rigan alfijir fitowa. Amma yana numfashi. Ya kumbura, ya lafa.

Sulfath ta juya a hankali ta dubi ƙuryar. Ba ta janye hannun ba. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka yake," ta ce can ƙasan maƙoshi. "Ban ɗauka zai yi kyau haka ba."

Rinsha ta zauna a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Daminar bara."

"Wa ya sani?"

"Wani likita can a garin Coimbatore. Na ce wa Umma taro zan je."

"Mijinki?"

"A'a."

"Asibiti?"

Sulfath ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta zame ta zauna kusa da ƙanwarta, bayansu jingine da ginshiƙi. Da hannun ya bar tasar sai shuɗin ya koma barci, ya rage 'yan fitilu nan da can suna ƙyaftawa, kamar garin da kowa ya kwanta.

"Na sa an sassaƙa sunanki," Rinsha ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Na ɗauka ƙwarewarki ta gani. Jibi zan tsaya gaban mutane in ce ku dubi hannun yayata, ko na'ura ta san babu irinsa."

"Ai ba ki yi ƙarya ba."

"Kada ki yi min wasa yanzu."

"To me zan yi? Kuka? Na yi shi har ya ƙare." Ta ɗaga hannun a cikin duhu tana juya shi. "Kin san mafarkin da nake yi? Sai in ga na farka, hannun nan ya riga ni tashi. Ya sauka daga gado, ya buɗe ƙofa, ya bi layinmu har bakin ruwa. Ni kuma ina biye da shi ba takalmi. Sai ya hau jirgin ruwan da ke tsallakawa zuwa Vypin, ya samu wuri kusa da taga ya zauna abinsa kamar mai zuwa aiki. Jirgi ya tashi. Ina so in ɗaga masa hannu, sai in tuna ba ni da abin ɗagawa."

"Itha, ba za ki yi aikin gobe ba."

"Zan yi."

"Ido ɗaya ya rage wa Umma!"

"Ni za ki gaya wa? Kina zanin goyo lokacin da wancan likitan ya kashe mata na hagu. Ni na riƙe hannunta muka fito daga asibitin. Ni na ji tana tambaya ko an kashe fitila ne, alhali rana tsaka. Tun ranar na san abin da zan zama. Shekara nawa tana ƙin kowa ya taɓa wannan idon, tana cewa sai Sulfath?"

"Ba ta san da wannan ba."

"Ki saurare ni. In hannun yana hutawa abin yake zuwa. Da na kama kayan aiki sai ya ɗauke, kin gani da idonki ɗazu. Ina shan magani a kan lokaci. Ban taɓa samun kuskure ba."

"Ya zuwa yanzu."

"Na Umma ne na ƙarshe. Na rantse miki. In cire mata yanar nan, jibi in kawo ta ta ga haukan da autarta ta yi, washegari in kai takardar ajiye aiki. Abin da nake roƙo ke nan. Kwana ɗaya ki riƙe bakinki."

"In ya motsa fa? In wuƙa tana cikin idonta ya motsa?"

"Ba zai motsa ba."

"Allah ne ya gaya miki?"

"Rinsha!"

"Ku daina raɗa. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Su biyun suka miƙe a tare.

Umma tana tsaye daga cikin labule, farin mayafinta yana ɗaukar ɗan hasken da ya rage. Ba sanda, ba mai jagora. Ta miƙa hannuwa gaba tana lalube, tana tahowa, zaren fitilu suna shafar fuskarta suna kaucewa. Da tafukanta suka iso saman tasar a buɗe, sai korayen nan na kusa da rufi suka fara saukowa.

Ta ɗaga kai.

"Masha Allah," ta ce. "Wannan kam ina gani. Ba ɗaya-ɗaya ba. Duk sun narke sun zama abu guda, kamar mutum yana kwance a ƙasan kogi yana kallon wata. Auta, ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Umma."

"To ban yi asarar nono ba."

"Umma," in ji Sulfath, "tun yaushe kike tsaye?"

"Tambayi tun yaushe na sani."

Umma ta juyo da fuskarta wajen muryar Sulfath.

"Hannun da ke ɗiga min magani a ido safe da yamma, shi za a ɓoye min? Tun azumin bara kike dafa goshina da gefen hannu kafin ki ɗiga. Da ba kya yi. Na ce bari in ga ranar da za ta tuna tana da uwa."

Sulfath ta rufe bakinta da gyale.

"Kuma gobe ita za ta yi min," Umma ta ce.

"Umma, don girman Allah," Rinsha ta kama hannunta. "Akwai likitoci a garin nan. Akwai waɗanda ita ta koyar. In wani abu ya faru ba ki da wani idon."

"Shi ya sa. Na ba baƙo ɗaya, kin ga abin da ya yi da shi. Wannan in zai tafi, ya tafi a hannun 'yata. Ba zan yi kuka ba."

"Ita fa? Ita za ta iya rayuwa da shi?"

"Ba ke na tambaya ba. Sulfath, ƙarfe nawa za mu fita?"

Rinsha ta juya tana jiran yayarta ta ce ai kin ji. Abin da Sulfath take nema ke nan tun ɗazu, ga shi an miƙa mata a tafin hannu.

Sulfath ta ja baya har ta bugi zaren fitilu, suka yi ta lilo a bayanta.

"Ba zan iya ba."

"Me kika ce?"

"Da ba ki sani ba, da zan iya, Umma. Da kina kwance kina ganin hannuna lafiya yake, zan iya. Amma kina sane, ki buɗe min ido ki ce bismillah... ba zan iya ba."

Umma ta sauke hannuwanta daga tasar, korayen suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya, har ba a ganin fuskar kowa.

Daga cikin duhun muryarta ta fito, a hankali.

"Ba saboda ni ba ne. Kada ki ɗora min. Saboda Leelamma ne."

Rinsha ta ji numfashin yayarta ya tsaya.

"Daren Laraba kin shiga banɗaki kin buɗe famfo don kada a ji. Bango ɗaya ne tsakaninmu. Kina kuka kina kiran sunanta, kina cewa ta yafe miki abin da hannunki ya yi wa idonta."

"Umma, don Allah..."

"Kin ce wa ƙanwarki ba ki taɓa kuskure ba. Ina tsaye na ji."

Rinsha ta laluba cikin duhu har ta kama kafaɗar yayarta. Jikin gaba ɗaya rawa yake, ba hannun kaɗai ba.

"Itha," ta ce. "Wace ce Leelamma?"